Cinikin Biri A Sama: Hannun Jarin Kamfanonin Fasaha Da Kuɗin Kakar Manoma

Duk wanda ya shiga kasuwar Funtua, ko ta Dandume, ko Bakori, ko Malumfashi a 'yan shekarun nan, ya san cewa ciniki ya sake kama. Tun daga ƙarancin takardun naira da aka yi fama da shi a farkon 2023, dillalin masara da mai sayar da taki da mai ɗinkin buhu duk sun koma karɓar kuɗi ta waya ko ta na'urar POS, sunayen kamfanoni irin su OPay da Moniepoint kuwa sun zama ruwan dare a bakin jama'a. Mutumin da ke ganin kuɗinsa na bi ta hannun kamfani kullum, kuma yana jin labarin cewa darajar kamfanin ta kai dala miliyan dubu, ba abin mamaki ba ne idan ya fara tambayar kansa ko shi ma zai iya mallakar wani yanki na irin wannan kamfani. Masu talla ta waya sun gane haka, shi ya sa saƙonnin "sayi hannun jari tun kafin kamfani ya shiga kasuwa" ke yawo daga wannan waya zuwa waccan.

Muna ganin ya dace mu tsaya mu duba wannan al'amari da idon basira, domin kuɗin da ake hari kuɗin kaka ne, wato gumin shekara guda. Ga kuma waɗanda matsalar tsaro ta raba da gonakinsu a wajejen Faskari da Sabuwa da Dandume, suka sayar da shanu suka dawo gari, suna neman inda za su sa ɗan abin da ya rage. Irin waɗannan mutane ba su da damar yin kuskure sau biyu.

Da farko dai ya kamata mai karatu ya san cewa kamfanoni iri biyu ne a dokar ƙasar nan. Akwai kamfanin jama'a, wanda sunansa ke ƙarewa da Plc, wanda doka ta yarda ya tallata hannun jarinsa ga kowa bayan ya sami amincewar hukumar kula da hada-hadar hannun jari ta ƙasa, wato SEC. Akwai kuma kamfanin 'yan ƙalilan, wanda sunansa ke ƙarewa da Limited. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce masu irin wannan kamfani ba za su wuce mutum 50 ba, ban da ma'aikatansa, ta kuma hana shi gayyatar jama'a su sayi hannun jarinsa. Bugu da ƙari, sai dai in ƙa'idojin kamfanin sun faɗi wani abu dabam, mai hannun jari ba zai sayar wa bare ba sai ya fara tallata wa 'yan uwansa masu kamfanin. Yawancin kamfanonin fasaha da muke jin sunansu suna cikin wannan rukuni na biyu ne, wasu ma uwar kamfanin a Amurka ko Ingila aka yi mata rajista, reshe kawai ke nan Nijeriya.

Manomi ba zai sha wahalar gane wannan ba, domin ya san gonar gado. Magaji na da rabonsa a cikinta, kowa ya san haka, amma ba zai wayi gari ya kira baƙo ya sayar masa ba tare da 'yan uwa da mai unguwa sun sani ba. Wanda kuwa ya yarda ya ba da kuɗi a ɓoye, ranar da ya zo da garma zai tarar ba shi da kunya ko ɗaya. Haka hannun jarin kamfanin 'yan ƙalilan yake. Muddin ba a rubuta sunan mutum cikin littafin masu kamfani ba, takardar da ke hannunsa ba ta mai da shi mai kamfani ba, iyakacinta ta nuna cewa akwai magana tsakaninsa da wanda ya karɓi kuɗinsa.

Abu na biyu shi ne maganar daraja. A watan Agusta na 2021 an ce darajar OPay ta kai dala miliyan dubu 2. A watan Fabrairu na 2022 an ce ta Flutterwave ta haura dala miliyan dubu 3, kana a watan Oktoba na 2024 Moniepoint ya karɓi jarin dala miliyan 110, aka ce shi ma ya kai dala miliyan dubu. Lokacin da aka yi waɗannan ƙiyasce-ƙiyasce babu ko ɗaya daga cikinsu da ke kasuwar hannun jari ta Legas. To daga ina lissafin ya fito? Wani babban mai zuba jari ne ke sayen ɗan yanki, a ce kashi 10 cikin 100, sai a ninka abin da ya biya sau goma a ce ga darajar kamfani. Kamar mutum ne ya sayar da buhu ɗaya da tsada a kasuwar Dandume, ya koma gida ya ƙirga duk abin da ke rumbunsa a kan wannan farashi. Ranar da ya kwaso buhu 200 gaba ɗaya ya kai kasuwa, ranar zai san ainihin abin da ya mallaka.

Daɗin daɗawa, ba dukkan hannun jari ne ke daidai da juna ba. Manyan masu zuba jari sukan karɓi hannun jari mai fifiko, da sharaɗin cewa idan aka sayar da kamfani ko ya rushe, su za a fara biya har sai sun mai da uwar kuɗinsu. Abin da ya rage shi ake raba wa masu hannun jari na gama-gari, wato ma'aikata da ƙananan masu jari. In kamfani ya karɓi jarin dala miliyan 50, aka zo aka sayar da shi dala miliyan 40, mai hannun jari na gama-gari zai iya tashi da hannu biyu, ko da kuwa shekarar da ta wuce an gaya masa rabonsa ya kai miliyoyi.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Kamfanin Klarna na ƙasar Suwidin an ƙiyasta shi dala miliyan dubu 45.6 a 2021, bayan shekara guda aka dawo da shi dala miliyan dubu 6.7. Kamfanin WeWork na Amurka an kai shi dala miliyan dubu 47 a farkon 2019, yunƙurinsa na shiga kasuwa ya wargaje a watan Satumba na wannan shekara, a watan Nuwamba na 2023 kuma ya nemi kariyar kotu saboda bashi. Wanda ya kafa shi, Adam Neumann, ya riga ya ci bashin miliyoyin daloli daga bankuna da jinginar hannun jarinsa, kuma ya fita da kuɗi mai yawa. Ma'aikata da yawa da suka yi shekaru suna jiran ranar shiga kasuwa su ne suka kwana a ciki.

Ba ma cewa ba a taɓa cin riba ba. A watan Oktoba na 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya saye Paystack, wanda matasan Nijeriya biyu, Shola Akinlade da Ezra Olubi, suka kafa, a kan kuɗin da aka ce ya haura dala miliyan 200, waɗanda suka sa jari tun farko kuwa suka dara. Sai dai su wane ne waɗannan? Mutane ne da kamfanin ya san su, sunansu na cikin littafinsa, suna da lauyoyi, kuma sun sa kuɗin da in ya salwanta ba za su rasa tuwon dare ba. Masu wannan sana'a da kansu sun san cewa yawancin kamfanonin da suke sa wa jari ba sa kai labari, shi ya sa suke watsa kuɗinsu wurare da dama, suna fatan ɗaya ya biya asarar sauran. Manomin da ke da kuɗin kaka ɗaya ba shi da wannan dama.

A nan gida ma mun taɓa ganin irin wannan rana. A 2007 da farkon 2008 kasuwar hannun jari ta Nijeriya ta yi tashin gwauron zabo, kamfanoni suka riƙa sayar da hannun jari ta bayan fage da alkawarin cewa ba da daɗewa ba za su shiga kasuwa farashi ya ninka. Bankuna kuwa suka riƙa ba da rance don a sayi hannun jari, da jinginar hannun jarin kansa. Kamfanin wayar Starcomms, wanda aka sani a Legas da Kano, ya sayar da nasa a kan N13 a 2008, ya shiga kasuwa a wannan shekara, cikin 'yan shekaru farashin ya faɗo ƙasa da naira ɗaya. Shi ma ke nan da ya cika alkawarin shiga kasuwa. Wasu kamfanonin ba su taɓa shiga ba, waɗanda suka saya suka rasa ko inda za su kai takardunsu. Daga watan Maris na 2008 zuwa farkon 2009 kasuwar ta zube da kusan kashi 70 cikin 100. Bashin da aka ci a kan hannun jari na cikin abubuwan da suka durƙusar da bankuna, har a ranar 14 ga Agusta, 2009 gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, ya zuba musu naira miliyan dubu 420. An ceto bankuna, amma ba mu ji an ceto malamin makaranta ko ɗan kasuwar da ya ci bashi ya sayi takarda ba.

Wannan ya kawo mu ga maganar rance, wadda a ganinmu ita ce mafi haɗari. Jama'ar wannan yanki sun san jinginar gona, sun kuma san ba-da-kaka, inda manomi ke karɓar kuɗi da damina ya biya da hatsi in an yi girbi. Duk da ɗacin da ke cikinsu, mai ba da kuɗi na ganin abin da aka jingina masa da idonsa, ya san iyakarsa, ya san abin da yake bayarwa a shekara. Hannun jarin kamfanin 'yan ƙalilan ba shi da farashin da ake bugawa kullum, ba a sayar da shi sai da yardar wasu, sau da yawa kuma ƙa'idojin kamfanin sun hana a jinginar da shi kwata-kwata. Saboda haka mai ba da rance da ya san abin da yake yi, ko dai ya ƙi karɓa, ko ya ba da ɗan kaɗan daga ƙiyasin, ko kuma ya nemi a haɗa masa da gida ko gona ko albashi. To a nan gizo ke saƙa. Mai cin bashi na zaton takarda ya jingina, alhali kuwa gonarsa ce ke kan layi.

Rancen iri biyu ne, kuma wajibi ne a san bambancinsu kafin a sa hannu. A iri na farko, idan darajar hannun jari ta faɗi, mai kuɗi zai riƙe hannun jarin magana ta ƙare. Irin wannan yana da wuyar samu, masu ba da shi kuma sukan yanki babban rabo daga ribar da za a samu nan gaba. A iri na biyu, wanda shi ne aka fi yi, idan jinginar ta gaza mai kuɗi zai bi mutum har gida ya cike gurbin. Ga kuma kuɗin ruwa da ba ya jira. A watan Nuwamba na 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuwa sama da haka suke ɗorawa. Wanda ya ci bashin naira miliyan ɗaya a kan ruwa kashi 30 cikin 100, in bai biya komai ba, kafin shekara uku ta cika bashin ya haura miliyan biyu. Kamfanin fasaha kuwa yakan yi shekara bakwai ko goma bai shiga kasuwa ba, kuma a tsawon wannan lokaci da wuya ya raba riba, domin duk abin da ya samu cikin harkar yake mayarwa.

Mun ga abin da ya sami masu ajiyar hatsi. Da yawa sun sayi masara da tsada a kakar 2024, wasu da kuɗin bashi, suna jiran ta ƙara tashi, sai farashi ya karye a 2025. Sun yi asara ƙwarai, amma duk da haka masarar na nan, ana iya sayar da ita ko da rabin kuɗi, ana iya kai ta inji a ci tuwo. Mai takardar kamfanin da ya rufe ba shi da ko wannan.

Akwai kuma ɓangaren 'ya'yanmu da suka yi karatu suka sami aiki a irin waɗannan kamfanoni a Abuja ko Kaduna ko Legas. Wasunsu ana ba su alkawarin hannun jari a matsayin ƙarin albashi. Bisa al'adar wannan harka, alkawarin yakan nuna ne a hankali cikin shekara huɗu, wanda ya bar aiki kafin shekara guda ba ya samun komai, sau da yawa kuma abin da aka bayar izini ne na saye a kan wani farashi, sai ma'aikaci ya biya daga aljihunsa. Muna jan hankalin iyaye da dangi da kada su ji an ce yaro na da hannun jarin miliyoyi su ɗora masa nauyin ginin gida ko aure ko kuɗin taki a kan haka, har su tura shi cin bashi. Ga yaran kuma, idan kamfani da kansa ya buɗe ƙofar sayarwa, kamar yadda akan yi wani lokaci in sabon mai jari ya shigo, babu laifi mutum ya sayar da wani yanki ko da an rage masa farashi, ya riƙe saura. Wanda ya sayar ya san iyakar abin da ya rasa. Wanda ya ci bashi bai san iyakar abin da zai biya ba.

Wani abin da ke rikita jama'a shi ne kamfanonin fasahar noma, domin su harkarsu ta shafi gona kai tsaye. Farmcrowdy ya fara a 2016, ThriveAgric a 2017, suna karɓar kuɗi daga mutanen birni ta intanet su ba manoma iri da taki, da alkawarin riba bayan girbi. Wannan ba hannun jari ba ne, wanda ya sa kuɗi bai mallaki komai a kamfanin ba. A 2020 ThriveAgric ya kasa biyan masu kuɗi a kan lokaci, ya ɗora laifin a kan annobar korona, daga baya ya sanar cewa ya biya su, ya kuma ci gaba da aiki da manoma. A watan Janairu na 2021 SEC ta fitar da ƙa'idojin tara jari daga jama'a ta intanet, inda ta wajabta rajista, ta kuma ce ƙaramin mai jari kada ya sa fiye da kashi 10 cikin 100 na abin da yake samu a shekara. Wannan ma'auni ya isa mai hankali ya yi aiki da shi ko ba doka.

Ban da waɗannan akwai 'yan damfara zalla, masu fakewa da sunan fasaha. MMM ya daskare da kuɗin jama'a a watan Disamba na 2016, CBEX ya rushe a watan Afrilu na 2025. Sabuwar dokar zuba jari da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara 10 ga masu irin wannan sana'a, amma ɗaurin ɓarawo ba ya dawo da kuɗin taki.

Kada a ɗauka muna hana mutanenmu mallakar hannun jari. Yankin da audugarsa ta ciyar da injinan gurza na BCGA a Funtua da Malumfashi tun zamanin Turawa, ta ciyar da masaƙun Kaduna da Kano da ta Funtua kanta, ya daɗe yana samar da dukiyar da wasu ke cin ribarta, kuma tun da aka rushe hukumar cinikin auduga a 1986 manomi ke fuskantar kasuwa shi kaɗai. Ɗan Katsina ne ma, marigayi Dokta Hamza Zayyad, ya shugabanci kwamitin sayar da kamfanonin gwamnati da aka kafa a 1988, wanda ya yi ƙoƙarin ganin hannun jarin ya kai ga 'yan kowace jiha. Hanyar da aka bi a lokacin ita ce ta fili: a buga sanarwa, a faɗi farashi, a cike fom ta banki ko dillali mai rajista. Har yanzu ita ce hanya. Kamfanin MTN na Nijeriya ya shiga kasuwa a watan Mayu na 2019, a watan Disamba na 2021 kuma aka tallata wa jama'a hannun jari miliyan 575 a kan N169 kowanne, mutum fiye da 120,000 suka saya, yawanci ta waya. Farashinsa na hawa yana sauka, ana iya yin asara, amma mai shi na ganin farashin kullum, kuma ranar da yake bukatar kuɗi yana da inda zai kai. Ga kamfanonin jama'a da ba su shiga babbar kasuwa ba kuwa, akwai kasuwar NASD da ta fara aiki a 2013 ƙarƙashin kulawar SEC.

Saboda haka, duk wanda aka kawo wa tallar hannun jarin kamfanin fasaha, ya tambayi cikakken sunan kamfanin da lambar rajistarsa a hukumar CAC, ya tambaya ko Plc ne ko Limited. In Limited ne kuma ana tallata shi ga kowa da kowa a waya, an riga an taka doka, magana ta ƙare. Ya tambaya ko mai tallar na da rajista da SEC, ko kamfanin ya amince da cinikin a rubuce, ko za a sa sunansa a littafin masu kamfani, kana ya tambayi wanda zai saya daga hannunsa ranar da ya matsu. In aka fara kame-kame a kan waɗannan tambayoyi, ya ɗaure bakin jakarsa. In kuwa rance ne, ya kai takardar wurin lauya a karanta masa da Hausa, ya ji da kunnensa abin da za a ƙwace in abu ya ɓaci.

Muna kira ga hukumar SEC da ta fito da wayar da kai daga otal-otal na Legas da Abuja ta kawo shi kasuwannin hatsi, da Hausa, ta gidajen rediyo, kuma a lokacin kaka da kuɗi ke hannun jama'a. Ma'aikatar ciniki ta Jihar Katsina, da ƙungiyoyin manoman auduga da na masara, da shugabannin ƙungiyoyin gama kai, su ma suna da rawar takawa, musamman wajen hana a ɗebi kuɗin adashin mambobi a zuba inda ba a iya cirewa. Masu unguwanni da dagatai da ake kira shaidar jinginar gona kuwa, ya kamata su riƙa tambayar abin da za a yi da kuɗin kafin su sa hannu. Magabata sun hana cinikin biri a sama, kuma ba mu ga dalilin da zai sa a sake wannan hukunci don kawai birin ya koma cikin waya ba.